Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Shugabannin Makarantun Sakandare da Ƙungiyoyin Iyaye da Malamai na Zariya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe shugabannin makarantu, da iyayenmu na ƙungiyoyin iyaye da malamai, tun daga cikin Birni har Tudun Wada, Sabon Gari, Samaru, Wusasa da Ɗanmagaji. Mu malamai ne masu koyar da 'yan ajin ƙarshe na sakandare a garin nan, wasunmu kuma suna cikin masu duba takardun WAEC da NECO. Roƙo ɗaya ne ya sa muka ɗauki alƙalami: a daina sallamar ɗalibi ranar da ya ajiye biro a takardarsa ta ƙarshe. Abin da aka saba shi ne da an gama NECO a yi bikin yaye ɗalibai, a ɗauki hotuna, kowa ya kama gabansa. Alhali watanni huɗun da ke biye, daga Agusta zuwa Nuwamba, su ne lokacin da yaro ya fi bukatar malaminsa, kuma a cikinsu ne muke asarar yaran da ba rashin ƙwaƙwalwa ya kayar da su ba.

Ku tsaya a bakin shagon kwamfuta a PZ ko Samaru ranar da WAEC ta saki sakamako. Yarinya ta miƙa katinta, mai shago ya buga lamba, inji ya turo takarda. Ta sa yatsa tana bin layi ɗaya bayan ɗaya: B3, C4, C5, B2, sai yatsan ya tsaya cak a kan Turanci, D7. Ta ninke takardar gida huɗu, ta tura cikin hijabi, ta tari Keke Napep. Mutum na farko da zai fassara mata wannan takarda shi ne mai shagon, wanda abincinsa sayar da fom ne. Na biyu ƙawarta, wadda ita ma ba ta sani ba. Na uku wani ne a WhatsApp da zai ce ta turo kuɗi ya ɗaga mata maki. Malamin da ya shekara uku yana koyar da ita ba ya cikin lissafin.

Karanta sakamako kansa ilimi ne, kuma iyaye da yawa ba a taɓa zaunar da su an nuna musu ba. Matakan maki tara ne: A1, B2, B3, C4, C5, C6, D7, E8, F9. Daga A1 zuwa C6 shi ne kiredit. D7 da E8 ba faɗuwa ba ne a takarda, amma jami'a ba ta ƙirga su, shi ya sa uba zai duba ya ga babu F9 ko ɗaya ya yi hamdala, sai bayan wata uku ya ji an ce ɗansa bai cika sharaɗi ba. Jami'a kiredit biyar take nema a darussan da suka dace da kwas ɗin da yaro ya zaɓa, da Turanci a ciki, da kuma Lissafi ga duk mai son kimiyya, injiniyanci, tattalin arziki ko akanta. Yawan kiredit ba shi ne magana ba. Bakwai da babu Kemistiri ba za su kai yaro ajin likitanci ba, takwas da babu Adabin Turanci ba za su kai shi karatun lauya ba a yawancin jami'o'i.

Yarinyar can mai D7 ba ta faɗi ba tukuna. Yawancin kwasa-kwasai suna karɓar zama biyu, wato a haɗa WAEC da NECO, ko WAEC ta bana da ta baɗi. In ta samu C6 a Turancin NECO, wanda galibi yake fitowa wajen Satumba, magana ta ƙare. Likitanci da 'yan uwansa masu tsananin gasa ne jami'o'i da yawa ke cewa sai zama ɗaya, don haka a duba sharaɗin kwas ɗin kafin a yi mata alƙawari. In NECO ma ba ta fitar da ita ba, akwai jarrabawar 'yan waje da kowa ke kira GCE, wadda WAEC ke yi sau biyu, ɗaya a farkon shekara, ɗaya wajen ƙarshenta, akwai kuma ta NECO a Nuwamba da Disamba. To ga inda ake yin asarar: rajistar waɗannan jarrabawa tana rufewa ne a daidai makonnin da yaro ke kwance a ɗaki yana baƙin ciki, iyaye kuma suna fushi. Kafin gida ya huce an rufe fom, shekara guda ta tafi a kan darasi ɗaya. A gaya wa yara kuma cewa sakamakon WAEC da NECO ba ya ruɓewa, kiredit huɗun da ke hannu suna nan har abada. Na JAMB, wato jarrabawar neman shiga manyan makarantu, shi ne ke mutuwa bayan zangon shigarwa na shekarar da aka yi shi.

Wani yaron kuma ba maki zai gani ba, zai ga an riƙe masa darasi ko sakamakon gaba ɗaya. Iri biyu ne. Akwai wanda ba a gama aikinsa ba saboda kuskure, misali yaro ya cike lambarsa ba daidai ba a takardar zaɓi. Akwai wanda aka riƙe bisa zargin satar amsa, wanda sai kwamitin hukumar ya zauna ya yanke hukunci. A duka biyun, wanda ya rubuta jarrabawa da sunan makaranta, makarantar ce bakinsa. In shugaban makaranta bai rubuta takarda ba, bai bi sawu ba, uban yaro zai yi ta zarya ofis-ofis ba mai sauraronsa.

Shekarar 2025 ta koya mana kada a yanke wa yaro hukunci ranar farko. A watan Agusta WAEC ta sanar da cewa kashi 38.32 cikin ɗari ne suka samu kiredit biyar da Turanci da Lissafi. Bayan 'yan kwanaki ta dawo ta ce an yi kuskure wajen makin takardun zaɓi, adadin ya koma kashi 62.96. A watan Mayu na shekarar kuma shugaban JAMB, Farfesa Is-haq Oloyede, ya fito bainar jama'a ya nemi afuwa kan matsalar na'ura da ta shafi ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin kudu maso gabas, aka sake musu jarrabawa. Ba muna cewa duk wanda ya faɗi hukuma ce ta kayar da shi ba, mafi yawan sakamako daidai yake fitowa. Amma ku tuna yara nawa aka zaga, aka kira daƙiƙai, a cikin kwanakin nan kafin gyara ya zo.

In an tabbatar sai an sake zama, tambayar da ba a cika yi ba ita ce: a ina makin ya zube? Yaron da ya sake fom ba tare da amsar wannan ba, D7 ɗinsa zai sake ɗaukowa. Bari mu tsaya a kan Turanci, domin shi ya fi kayar da yaranmu. Rubutun insha'i maki 50 ne: 10 na abin da aka faɗa, 10 na tsari, 20 na iya sarrafa harshe, 10 na tsabtar rubutu daga kurakurai. A wannan goman na ƙarshe kowane kuskure rabin maki yake ci, wato kurakurai ashirin sun cinye shi tas. Takardu da yawa kafin a kai sakin layi na uku sun gama da shi: fara jimla da ƙaramin baƙi, rashin aya, rubuta sunan gari da ƙaramin harafi, fara labari a lokacin da ya wuce a ƙarasa shi a lokacin yanzu. Ana bukatar kalmomi wajen 450, yaro ya rubuta 200 ya tashi, makin abin da aka faɗa ma ya ragu. Wasiƙar ofis tana da adireshi biyu, da kwanan wata, da kanu, da sa hannu kafin cikakken suna, kuma kowanne da aka bari akwai hukuncinsa. Sashen taƙaitawa maki 30 ne, a nan kuma ake yin kisan mummuƙe: yaro ya gano wurin amsar sarai, sai ya kwafe jimlar yadda take a cikin nassin, ko ya ba da guntun magana inda aka ce a rubuta cikakkiyar jimla. Ya san amsa, bai samu maki ba.

Sai takardar furuci mai tambayoyi 60, wadda makarantu da yawa ke bari sai saura mako biyu. Kunnen Bahaushe bai saba raba p da f ba, ko b da v, kuma sautin th yakan koma s ko z a bakinmu. Wannan ba aibu ba ne, tsarin harshenmu ne, kuma abu ne da ake gyarawa da minti goma sha biyar kullum na wata biyu, ana furtawa da ƙarfi, ana koyon alamomin sauti da inda ake danna murya a kalma. A ganinmu babu maki mai araha a duk jarrabawar Turanci kamar wannan, kuma shi kaɗai yakan isa ya ɗaga D7 zuwa C6.

A Lissafi, takarda ta biyu tambayoyi 13 ce a amsa 10, biyar na farko dole. Mai duba takarda yana ba da maki a kan hanya, sannan a kan amsa. Yaron da ya yi aikinsa a bayan takardar tambaya ya kwafo amsa kaɗai ya zubar da makin hanya, kuma sau da yawa na amsar ma ba zai samu ba. Wanda ya nuna matakai ya yi tuntuɓe a layin ƙarshe ya fi shi maki nesa. Haka yanke lamba tun a tsakiyar aiki, da mantawa da ma'auni, da zana jadawali ba tare da bin sikelin da aka bayar ba. A gwajin Kemistiri kuwa, karatun buret, wato bututun auna ruwa, da lamba biyu bayan ɗigo ake rubuta shi, kuma waɗanda za a haɗa a fitar da matsakaici kada tazararsu ta wuce 0.20. Yaron da bai taɓa riƙe buret ba sai ranar jarrabawa, hannunsa na rawa, ruwan zai wuce kafin ya ga launi ya juya. WAEC tana wallafa rahoton manyan masu duba takardu a shafinta na intanet kyauta, darasi-darasi, da irin kurakuran da ɗalibai suka yi a kowace tambaya. Muna roƙon kowane shugaban makaranta ya tambayi malamansa yaushe rabon da su buɗe shi.

JAMB kuwa wata dabba ce daban, kuma yaron da ya yi mata shiri irin na WAEC zai sha mamaki. Tambayoyi 180 ne cikin minti 120: Turanci 60, sauran darussa uku 40 kowanne, jimlar maki 400. In an raba, kowace tambaya daƙiƙa 40 take da shi. Yaron da ya kafe a kan lissafin Fizis guda ɗaya na minti biyar ya sayar da tambayoyi bakwai. Ƙa'idar da za a koya musu mai sauƙi ce: a fara da darasin da aka fi ƙarfi, a wuce duk tambayar da ta yi gardama, a dawo mata a zagaye na biyu, kuma kada a bar ko ɗaya babu amsa, domin ba a rage maki a kan amsar da ba daidai ba. Tun 2015 jarrabawar gaba ɗaya a kwamfuta ake yin ta, amma har yau akwai yaran da ranar jarrabawa ce ranar farko da suka zauna gaban allon kwamfuta. Za ka ga yaro ya riƙe linzami da hannu biyu, kibiya na yawo, agogo na tafiya a saman allo, zufa na keto masa. Alhali ba ya ma bukatar linzamin: A, B, C, D na zaɓen amsa ne, N na gaba, P na baya, S na miƙa aiki. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗalibin da bai zauna gwaji na awa biyu cif da agogo ba aƙalla sau biyar kafin watan jarrabawa, ba a shirya shi ba, ko da ya haddace littafi. Makarantar da ba ta da ɗakin kwamfuta ta yi yarjejeniya da cibiya mafi kusa, ƙungiyar iyaye ta ɗauki nauyin rabin kuɗin, a kuma ƙarfafa wa yara yin jarrabawar gwaji da JAMB ke shiryawa.

Wasu yaran tun a wurin rajista ake kayar da su. Ana fara rajista ne da tura lambar NIN zuwa 55019 ko 66019, kuma layin wayar da aka yi amfani da shi ya zama igiyar yaron da JAMB har ya shiga jami'a: ta nan ake duba maki, ta nan saƙonni ke zuwa. In layin na mai shago ne, ko na yayan da ya tafi Legas, ko aka bar shi ya mutu, an shiga uku. Sai sunaye. Muhammad a NIN, Mohammed a WAEC, Muhammadu a takardar haihuwa. A'isha nan, Aishatu can. Sunan uba a gaba a wata takarda, a baya a wata. Shekarar haihuwa ta bambanta da ɗaya. Ranar tantancewa a jami'a duk waɗannan za su taso, gyaransu kuma kuɗi ne da watanni. A zangon ƙarshe na aji biyu ya kamata a jera takardun kowane ɗalibi a kan tebur a daidaita su. Iyaye mata kuma a ja kunne game da lalle: JAMB ta sha gargaɗi cewa ƙunshi a yatsu yana hana na'ura karanta zanen yatsa, kuma wanda na'ura ba ta gane ba ba ya shiga ɗakin jarrabawa. Bikin 'yar uwa mako biyu kafin jarrabawa ya isa ya jawo wannan. Na ƙarshe shi ne haɗin darussa. Mai son likitanci ko haɗa magunguna Bayoloji, Kemistiri da Fizis zai zaɓa; mai son injiniyanci Lissafi, Fizis da Kemistiri. In mai shago ya cike wa mai son injiniyanci Bayoloji a madadin Lissafi, ko 300 ya ci ba za a ɗauke shi ba. Kundin sharuɗɗan kwasa-kwasai yana shafin JAMB, malami ne ya kamata ya duba shi tare da yaro kafin a je cibiya.

Yanzu maki ya fito, yaro ya ci 185, gida ya yi tsit. Iyayenmu, ku san wannan: a 2025, a sakamakon farko da JAMB ta fitar, cikin ɗalibai sama da miliyan 1.9 da suka zauna, sama da miliyan 1.5 ba su kai 200 ba. Ɗanku yana cikin mafi rinjaye, ba saniyar ware ba ne. Abin da ya rage shi ne a san ƙofofin da wannan maki ke buɗewa, kuma ƙofofin hawa uku ne. Akwai mafi ƙarancin maki na ƙasa, wanda a 2025 aka sa 150 ga jami'o'i, 140 ga kwalejojin koyon jinya, 100 ga kwalejojin kimiyya da fasaha da na horar da malamai. Akwai makin da kowace jami'a ke sa wa kanta kafin ta bari a shiga tantancewarta, wanda a Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) da ke Samaru ya daɗe yana tsayawa a 180. Sai na uku, wanda ba a rubuta shi a allo: makin da mutum na ƙarshe da sashe ya ɗauka ya samu. Wannan ya dogara ne da yawan masu nema da yawan kujeru. Jami'o'in tarayya suna raba gurabe kashi 45 bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke kewaye, 20 ga jihohin da aka bari baya a ilimi. Zama ɗan Kaduna yana taimakawa a ABU, amma jami'a ce da duk Arewa, har da Kudu, ke rububinta, kuma a likitanci, haɗa magunguna, jinya da shari'a masu manyan maki sun ninka kujeru. Yaro mai 205 da ya nace wa likitanci a Samaru yana iya zama shekara uku a gida, alhali makin nan zai iya ba shi gurbi a fannin noma, gandun daji, kiwon kifi ko koyar da kimiyya tun a shekarar farko. Wannan magana ce mai ɗaci, gara ta fito daga bakin malamin da ya san shi a watan Agusta da ya gano ta shi kaɗai a watan Janairu. Ana canza kwas ko makaranta a cibiyar da JAMB ta amince da ita, amma sai a yi shi kafin makarantar da ake son komawa ta rufe tantancewarta.

Akwai kuma yaran da suka ci maki mai kyau suka rasa gurbi saboda abu ɗaya da ba wanda ya gaya musu. Tun 2017 duk shigarwa ta CAPS take bi, wato manhajar JAMB ta ba da gurbin karatu. Yaro yana yin rajistar JAMB kafin sakamakonsa na sakandare ya fito, don haka ana rubuta masa cewa yana jiran sakamako. Da WAEC ko NECO ta fito, dole ya koma cibiya a ɗora masa sakamakon a shafin JAMB, sannan ya buɗe shafinsa ya gani da idonsa cewa ya hau. Ɗorawa a shafin jami'a kaɗai bai wadatar ba. In bai yi ba, manhajar ba ta ganinsa a matsayin wanda ya cancanta, ko nawa ya ci. In gurbi ya fito kuma sai ya shiga ya danna amincewa cikin mako huɗu. In jami'a ta ba shi wani kwas daban, shi ma sai ya amince kafin aiki ya ci gaba. Duk wanda ya ce zai samo wa ɗanku gurbi ta bayan gida, ba ta CAPS ba, yana haƙa masa ramin da zai faɗa ranar da zai nemi tafiya bautar ƙasa a ce sunansa ba ya cikin kundin JAMB. Haka masu cewa za su ɗaga maki: babu mai iyawa, kuɗi kawai za su ci, wani lokaci su haɗa da lambar sirrin yaron.

Allah ya yi wa Zariya arzikin makarantu, kuma abin takaici ne ɗan garin nan ya ɗauka in ba ƙofar Samaru ba babu wata. Shirin IJMB, wanda ABU ce ke kula da jarrabawarsa, karatu ne na kusan shekara guda a darussa uku, wanda ya ci da kyau ya sayi fom ɗin shiga kai tsaye ya fara daga aji biyu na jami'a. ABU tana da makarantar share fage a Funtuwa. Amma a faɗa wa yaro gaskiya: IJMB ta fi JAMB zurfi, ba mafakar mai gudun karatu ba ce, kuma ba ta ɗauke masa kiredit biyar. A kuma tabbatar cibiyar tana cikin waɗanda aka amince da su kafin a biya ko sisi, domin akwai masu kafa allo su karɓi kuɗi su ɓace. Ga Kwalejin Nuhu Bamalli, inda difloma ta shekara biyu ke kai mutum babbar difloma ko shiga jami'a kai tsaye in ya fita da sakamako mai kyau. Ga tsohuwar Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ta zama jami'ar ilimi, ga Kwalejin Aikin Gona ta Samaru, ga cibiyar fasahar sarrafa fata. Wanda ya bi ta waɗannan hanyoyi yakan riga wanda ya zauna yana maimaita JAMB karɓar digiri.

Abin da ya fi damunmu shi ne daren farko a gida. Yaro ya riga ya hukunta kansa tun a hanya, ba ya bukatar ƙari. "Ɗan wane ya ci 280", "kuɗina sun tafi a banza", "dama na san ba za ka iya ba": waɗannan kalmomi suna zama a zuciya shekaru bayan an manta da makin. A ba shi abinci, a ce masa an gani, Allah ya sa haka ya fi alheri, za a zauna a duba bayan kwana biyu ko uku. Kuma a zauna ɗin, da takarda a hannu da wanda ya iya karanta ta. Yarda da ƙaddara wajibi ne, amma ba a rufe magana da ita; an ce a ɗaure raƙumi sannan a dogara ga Allah. Baƙin cikin 'yan kwanaki ba abin tsoro ba ne. Wanda ya haura mako biyu ba ya cin abinci, ba ya barci ko ba ya tashi, ya daina fita masallaci da majalisar abokai, ya fara rabar da kayansa, ko ya ce gara ya mutu ya huta, wannan ba shagwaɓa ba ce. A kawar da fiya-fiya, da maganin ɓera, da maganin feshin gona, da tarin ƙwayoyin magani daga inda hannunsa zai kai. Kada a bar shi shi kaɗai. Wanda ya fi shaƙuwa da shi ya tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin cutar da kansa. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sauƙi take kawo masa. Sannan a kai shi asibitin koyarwa na Shika, inda akwai likitocin wannan fanni, ba tare da jin kunyar abin da maƙwabta za su ce ba.

'Ya'ya mata suna da nasu ƙarin nauyin. A gidaje da yawa sakamako mara kyau shi ne ƙarshen zance: tunda ba ta ci ba, a yi mata aure. Ba mu da ja da aure, amma kada ya zama hukuncin D7. Yarinyar da darasi ɗaya ya rage mata, wata uku na karatu da kuɗin fom ɗaya ne tsakaninta da kwalejin jinya, kuma mu ne muke kukan rashin mata a ɗakunan haihuwa na asibitocinmu. In auren ya zo, a sa maganar karatun a cikin abin da manya za su tattauna tun kafin a sa rana. Namiji kuma in ya koma kasuwa ko gareji ko ɗinki kafin jarrabawa ta zagayo, alheri ne, ya fi zaman kashe wando, muddin an yanke masa awa uku na karatu kullum, an kuma sanar da maigidansa.

Dole mu faɗi wata magana a kan junanmu. Makarantar da ke karɓar kuɗin "taimako" ta rubuta wa yara amsa a allo tana ba su A1 a Lissafi, sannan ta tura su gaban kwamfutar JAMB inda ba mai taimako, su dawo da 140. Ta kuma jefa sakamakon ɗaliban da ba su ji ba ba su gani ba cikin haɗarin riƙewa. Iyayen da ke cire yaro a aji uku su kai shi irin waɗannan cibiyoyi a ƙauye su ma da nasu kason. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Ga abin da muke roƙo a aikace. Kowace makaranta ta ware tebur ɗaya da malamai biyu, kwana biyu a mako, daga ranar da WAEC ta fito har ƙarshen Nuwamba, da kwamfuta ɗaya ko waya mai intanet. A buɗe rajista mai sunan kowane ɗalibin da ya fita a shekarar, da lambar wayarsa da ta mahaifi ko mahaifiya, da sakamakon WAEC da NECO, da makin JAMB, da kwas ɗin da ya nema, da ko an ɗora sakamakonsa, da abin da CAPS ke nunawa, da mataki na gaba tare da ranar da fom ɗinsa zai rufe. Duk wanda bai zo ba cikin kwana goma a kira shi, in bai ɗauka ba a aika gidansu, domin wanda ya ɓuya shi ne ya fi bukata. Ƙungiyar iyaye da malamai ta kira taro cikin makon da sakamako ya fito, a yi bayanin nan da Hausa, a kuma sa lokacin da iyaye mata za su iya halarta. Kuɗin da abin zai ci bai wuce na data da na motar malamai biyu ba, sai ɗan asusu na saya wa marayu da marasa hali fom ɗin sake zama. Muna roƙon a sa wannan magana a ajandar taronku na gaba, kafin 'yan ajin ƙarshe na bana su fara rajista.

Allah ya ƙara muku lafiya, ya yi wa yaranmu jagora.

Wassalam.

Daga wasu malaman ajin ƙarshe na sakandare da masu duba takardun jarrabawa, Zariya.